Ruwan da ke Ƙarƙashin Fata

Ƙayar kurungu ce kawai.
Ran Talata, a bakin tafkin Lagdo,
Kawu Ɗantsoho na warware taru
ta soke shi a sha-raɓa.
Ya ja tsaki, ya wanke, ya ci gaba.
Shekara arba'in kifi na sukarsa,
wace ƙaya ce bai gaisa da ita ba?

Ran Alhamis ƙafa ta ɗau sheƙi
kamar tulun da aka shafe da mai.
Ran Juma'a, mutumin da bai yi hawaye ba
ranar da ruwa ya cinye masa kwalekwale
ya ciji bakin bargo har ya huda shi.

Muka isa Garwa bayan isha'i,
ni, da shi, da kuɗin bandar wata biyu
ƙulle a leda.

Ciwon ba ya da baki.
Babu mugunya, babu gyambo,
kumburi ne, sai zafi kamar murhu.
Wani a gadon kusa ya ce, “Sanyi ne,
allura uku ka koma gida.”
Na so in yarda da shi.

Likita Jaratu ba ta ce komai ba.
Ta zana da biro inda zafin ya tsaya,
ta ciro wani abu daga aljihu,
bai fi sabulun wanki ba,
da igiya, da allo mai hasken wata.
Eko, in ji ta.
Ta zuba masa yauƙi mai sanyi,
ta ɗora, ta soma tafiya a hankali
kamar mai tuƙi a kan ruwan da bai sani ba.

Na ga toka-toka, ban gane ba.
Ta nuna da farce:
“Nan kitsen ƙarƙashin fata ne,
ka ga ya daddare
kamar lakar gulbi a watan bazara?
Wannan kaɗai, da magani zai isa.
Da baƙar rijiya na gani,
in tsaga, in matse, ku tafi.”

Ta ƙara gaba. Ta tsaya.

Baƙin zare ya kwanta kan tantanin nama,
ruwa inda bai kamata ruwa ya kwanta ba.
Sama da shi, fararen ɗigo suna ƙyalli,
kowanne na jan inuwa mai dauɗa a bayansa.

Kawu ya ɗago kai, gumi na zuba.
Ya ƙura wa allon ido
yadda yake ƙura wa tafki da asuba.
Ya ce, “Yarinya, wannan kumfa ce.
Kumfa a ruwan kwance,
akwai abin da ke ruɓa a ƙasa.”

Ta ce, “Baba, ka karanta daidai.
Kuma yana gudu.”

Na duba zanen biro.
Zafin ya haye shi da yatsa biyu
a lokacin da bai kai a dafa shayi ba.

Ba a jira safiya ba.
Aka ɗaura ruwa, aka tura magani a jijiya,
aka taso mai tiyata daga barci,
ya zo da takalmin wanka.
Na dangwala yatsa a takarda
ban ma tambayi kuɗi ba.

Sau uku suka shiga da shi.
Nama ya tafi, mai yawa.
Ƙafa ta tsaya.

Yanzu tabon ya miƙe daga gwiwa zuwa idon sawu,
yara na kiransa Binuwai.
Yana ɗingishi zuwa bakin ruwa,
yana zagin kurungu, yana cinsa da yaji.

Ni ne ban warke ba.
In na ga tafki ya yi luf,
ba motsi, ba ko ƙwaro a kansa,
sai in riƙe filafili,
in saurara.